Sau Nawa Ya Kamata a Share Bututun Hayaƙin Murhun Jin Ɗumi, Kuma Sau Nawa Za a Duba Shi?

Duk wanda ya tashi a gidan da ake girki da itace ya san kunkunniya, baƙin dattin nan da hayaƙi ke tarawa a rufin ɗakin girki har ya riƙa reto kamar saƙar gizo-gizo. A gidajenmu tana fili, ido yana ganinta, idan ta yi yawa a sa tsintsiya a kakkaɓe ta. A ƙasashen sanyi irin su Ingila da Amurka da Kanada da Jamus da Faransa, inda 'yan uwanmu da dama ke zaune saboda karatu ko aiki, murhun jin ɗumi a cikin falo yake, hayaƙinsa kuma yana bin wani dogon bututu da aka gina a jikin bango har ya fita ta saman rufi. A can ciki kunkunniyar ke taruwa, inda babu mai ganinta sai an leƙa da gangan.

Abu na farko da ya kamata mai gida ya riƙe shi ne dubawa daban, shara daban. Dubawa tana da lokaci tsayayye, wato aƙalla sau ɗaya a kowace shekara, ko an hura wuta kullum a lokacin sanyi ko sau biyu kacal aka hura. Wannan ita ce ƙa'idar da ƙungiyar kare gobara ta Amurka, NFPA, ta gindaya a kundinta mai lamba 211. Ita kuwa shara tana bin yawan dattin da ya taru ne. Cibiyar CSIA, wadda ke horar da masu sharar bututu a Amurka, ta ce a share da zarar kaurin dattin ya kai ɗaya bisa takwas na inci, wato kimanin milimita 3, kuma idan dattin ya fara sheƙi kamar gilashi kada a jira ya kai hakan.

Dalilin tsananta wannan magana yana cikin irin dattin. Idan itace yana ci, hayaƙinsa yana ɗauke da tururin ruwa da wani maiƙo da wuta ba ta gama cinyewa ba. Da hayaƙin ya hau sama ya taɓa bangon bututu mai sanyi, sai maiƙon ya manne. Ana kiransa kiriyosot, kuma ba lokaci ɗaya yake zama abin tsoro ba. Da farko gari ne mai laushi irin kunkunniyar da muka sani, buroshi yana ɗauke shi cikin sauƙi. Idan aka bar shi sai ya zama ɓawo mai ƙarfi kamar ƙanzon tukunya, wanda sai an kankare. Idan aka ƙara barinsa sai ya koma kamar kwaltar da ta narke ta daskare, baƙi ƙirin yana ƙyalli, buroshi ya bi ta kansa ya wuce bai taɓa shi ba, sai an sa sinadari ko injin kankara, wani lokaci ma sai an sake wa bututun bangon ciki gaba ɗaya. Wannan abu makamashi ne, tartsatsi ɗaya ya isa ya kunna shi. Wutar da ta kama a cikin bututu zafinta yakan haura digiri 1,000 a ma'aunin Salsiyos, ya tsattsaga tubalin ciki, daga nan ta sami hanyar isa ga katakon rufi. Wata takan zo da ruri kamar jirgin ƙasa na wucewa, wata kuma takan ci a hankali ta mutu ba wanda ya sani, sai mai dubawa ya tarar da tsagar da ta bari.

A Birtaniya an fi lissafa yawan shara da irin makamashin da ake ƙonawa. Hukumar HETAS, mai rajistar masu aikin murhun itace da kwal, tana ba da shawarar a share aƙalla sau biyu a shekara idan itace ko kwal mai hayaƙi ake ƙonawa, sau ɗaya kuma idan kwal marar hayaƙi ne. Wasu hukumomin kashe gobara na ƙasar sun fi haka tsanani, suna cewa duk wata uku a lokacin da ake amfani da itace. A ganina, gidan da murhun itace shi ne babban abin jin ɗuminsa, ana hura shi kusan kullum daga Oktoba zuwa Maris, ya kamata ya yi shara ɗaya kafin a fara, ɗaya kuma a tsakiyar sanyi wajen watan Janairu. Wanda sai ranar da baƙi suka zo yake hura wuta, sau ɗaya a shekara ya wadatar da shi. A Faransa doka ce ta wajabta sharar, aƙalla sau ɗaya a shekara, wasu yankuna sau biyu, kuma yawanci a wuyan ɗan haya take. A Jamus akwai jami'in shara da hukuma ta naɗa wa kowane yanki, shi ne zai zo ya duba murhun ya rubuta wa mai gida lokutan da dole a yi aikin.

Mai murhun gas kada ya ɗauka maganar ba ta shafe shi ba. Gas ba ya tara kiriyosot, amma bututunsa yana toshewa, yana tsatsa, tubali yana zubowa a ciki, shi ya sa shi ma ake duba shi duk shekara. Bututun da ya toshe yana mayar da iskar kabon monoksaid cikin ɗaki, gubar nan da ba ta da launi ba ta da wari, ita ce dai wadda ke kashe iyali idan aka kwana da janareto a cikin gida ko da kaskon garwashi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka fi toshe bututu shi ne sheƙar tsuntsu. A Ingila akwai wani ɗan ƙaramin hankaka mai son yin sheƙa a bututun hayaƙi, yakan cika shi da ƙirare cikin 'yan kwanaki, kuma dokar kare namun daji ta 1981 ta hana a taɓa sheƙar da ke da ƙwai ko 'ya'ya, saboda haka idan ya riga ya shiga a watan Maris ko Afrilu sai an jira ƙarshen Agusta. Hular ƙarfe mai raga da ake kafawa a bakin bututu tana hana wannan, tana kuma tare ruwan sama.

Tsakanin zuwan ƙwararre da zuwansa, mai gida zai iya leƙawa da kansa. A bari wuta ta mutu murus, a ƙara kwana ɗaya. A sa safar hannu da tabarau da takunkumi, a buɗe murfin ƙarfen da ke maƙogwaron murhun, a durƙusa a haska tocila sama, sannan a sa ƙarfen tona wuta a karci bangon. Idan layin da aka karta bai fi kaurin takarda ba, da sauran lokaci. Idan ya kusa kaurin tsabar fam ɗaya ta Ingila, lokacin shara ya yi. Idan kuwa ƙarfen ya zame a kan wani abu mai santsi da ƙyalli, kada a sake hura wuta sai an kira mai aiki. Sai dai wannan leƙe ƙasan bututu kawai yake nunawa, alhali can sama inda ya fi sanyi nan dattin ya fi taruwa. Akwai kuma alamun da ba sa bukatar tocila: hayaƙi yana dawowa cikin falo, wuta tana wahalar kamawa, warin kwalta yana tashi a ranar da iska ke da laima, ko a wayi gari a ga ɓaraguzan baƙin ɓawo ko na tubali a cikin murhu. Kowanne daga cikinsu ya isa dalilin kiran mai dubawa ba tare da jiran cikar shekara ba.

Ita kanta dubawar mataki-mataki ce. A tsarin NFPA, mataki na farko shi ne na kowace shekara, inda ake duba duk wurin da ido da hannu ke kaiwa. Mataki na biyu ya haɗa da zura kyamara cikin bututun daga ƙasa har sama da shiga cikin silin, kuma ana yin sa ne idan za a sayi gida ko a sayar, ko an canza murhu ko irin makamashi, ko bayan gobarar bututu ko girgizar ƙasa ko tsawa. Mataki na uku sai an fasa wani sashe na gini, kuma ba a kai wa gare shi sai an ga alamar ɓarna a ɓoye. Ina jan hankalin duk mai shirin sayen gida da ya nemi mataki na biyu kafin ya sa hannu, domin mai duba gida na gama-gari yawanci ba ya leƙa cikin bututu. Ɗan haya kuma kada ya ga murhu a falo ya ɗebo itace kafin ya tambayi mai gidan, saboda tsofaffin gidaje da yawa a Birtaniya an toshe bututunsu tuntuni, an bar murhun don ado.

Lokacin da ya fi dacewa a kira mai shara shi ne Agusta ko farkon Satumba, domin da sanyi ya shigo layi yakan yi tsawo, kuma idan aka gano gyara akwai sararin yin sa. A nemi wanda ke da rajista, kamar ta CSIA a Amurka ko ta HETAS a Birtaniya. Mai aiki nagari zai shimfiɗa ƙyalle a falo, ya rufe bakin murhu, ya kunna injin zuƙe ƙura, ya riƙa ɗaura sanda a kan sanda yana tura buroshi har ya leƙo ta saman rufi, kuma ba laifi mai gida ya fita waje ya ga kan buroshin da idonsa. Daga nan zai kunna wani ɗan dunƙule mai fitar da hayaƙi ya ga ko bututun yana ja yadda ya kamata, sannan ya ba da takardar shaida. A adana wannan takarda da kyau, domin kamfanin inshora zai iya neman ta idan gobara ta auku. Itacen nan mai sinadari da ake sayarwa a kantuna da sunan yana wanke bututu yana iya sassauta datti, amma ba ya maye gurbin buroshi, balle idon mai dubawa.

Yadda ake hura wutar ma yana ƙara ko rage yawan shara. Ɗanyen itace shi ne babban mai kawo kiriyosot, domin wuta tana ƙarar da ƙarfinta wajen busar da shi, hayaƙi ya tashi da sanyi ya manne. Itacen da ya dace shi ne wanda laimarsa ba ta wuce kashi 20 cikin ɗari ba, kuma tun watan Mayun 2021 aka hana sayar da jiƙaƙƙen itace a ƙananan ɗauri a Ingila saboda gurɓata iska. Akwai 'yar na'urar auna laima mai araha, ana tsaga itacen a soka ta a tsakiyarsa. Kada a ƙona katako mai fenti ko leda ko kwali, kuma kada a toshe ƙofar iska a bar wuta tana cin ciki har asuba, domin wuta ƙarama mai ci bal-bal ta fi babba mai turnuƙu tsabta. A kafa ƙararrawar kabon monoksaid a ɗakin da murhun yake, a riƙa danna maɓallin gwajinta duk wata. Idan kuma wata rana aka ji ruri a cikin bango ko aka ga tartsatsi yana fita ta saman bututu, a rufe ƙofar iskar murhun in da hali, a fitar da kowa waje, a kira 'yan kwana-kwana: 999 a Birtaniya, 911 a Amurka da Kanada, 112 a ƙasashen Tarayyar Turai.