In an tambaye ka ko Kiristanci ad da alhakin abin da anka yi wa Yahudawa, ga yadda za ka bi maganar

Wani ƙanena ɗalibin tarihi ne ya kawo wagga tambaya majalisarmu ta shayi a Runjin Sambo, wai aikin gida anka ba su, kafin ya rufe baki har an rabu gida biyu, wani na cewa ai kowa ya san coci ta kashe su, wani na cewa duk ƙaryar Turawa ce, daga nan sai ga Gaza ta shigo, shayi ya huce ba a ƙaru da komi ba. Na ce mai, kai ƙanena bari in rubuto maka yadda ni nike bin maganar, in ya so wanda duk ya ga dama ya ɗauka.

Abu na farko, kada ka amsa tambayar yadda anka kawo ta. In an ce "Kiristanci" sai ka ce wanne? Abin da ke rubuce a Linjila, ko fassarar da malaman coci sunka yi mai, ko dokokin da fafaroma da sarakuna sunka kafa, ko abin da gungun talakawa sunka yi da gatari a hannu? Huɗun nan suna da alaƙa amma hukuncinsu ba ɗaya ba ne, kuma mu Musulmi ya kamata mu fi kowa gane wanga bambanci tunda kullum shi muke roƙon a yi muna in wani ya yi ta'asa da sunan addininmu.

Sannan ka duba mi ke akwai kafin coci. A shekara ta 38 miladiyya an far wa Yahudawan Iskandariyya, lokacin Kiristoci ba su wuce 'yan tsiraru ba. Rumawa masu bautar gumaka ne sunka rushe haikalin Kudus a shekara ta 70, kuma su sunka murƙushe tawayen Yahudawa ƙarƙashin Bar Kokba a 135. To ƙiyayyar ta girmi coci. Amma kada ka tsaya nan kana murna ka gama, don abin da za ka nema shi ne mi coci ta ƙara a kai.

Abin da ta ƙara shi ne zargin kisan Almasihu, kuma nan ne ya kamata ka zauna da kyau. Mu a aƙidarmu ba a kashe Annabi Isa ba, ba a gicciye shi ba, wannan a ajiye gefe, kai dai kana bin abin da su sunka yi imani da shi ne. A Linjilar Matiyu 27:25 taron jama'a sun ce alhakin jininsa ya hau kansu da 'ya'yansu. Alhali a labarin nasu ma gwamnan Rum, Bilatus, shi ya zartar da hukuncin, kuma Isa da mahaifiyarsa da almajiransa duk Bani Isra'ila ne, Bulus ma a wasiƙarsa ga Romawa sura ta 11 cewa ya yi Allah bai yasar da mutanensa ba. To amma da coci ta cika da waɗanda ba Yahudawa ba, gardamar cikin gida ta koma zargin wata ƙabila ɗungurungum. Tun ƙarni na 2 wani bishop mai suna Melito ya yi huɗuba yana ɗora wa Isra'ila kisan, a 386 da 387 kuma Yohanna Kirisostom ya yi jerin huɗubobi masu zafi a Antakiya don ya hana mabiyansa zuwa majami'ar Yahudawa. Agustin, wani babban malamin coci, shi kuma ya kawo matsayar da ta daɗe tana aiki, wai kada a kashe su, a bar su warwatse cikin ƙasƙanci su zama shaida. Ka lura da wagga matsaya, kariya ce da wulaƙanci a kwano ɗaya, in ka gane ta za ka gane dalilin da fafaroma guda zai hana a kashe Bayahude kuma shi ɗin dai ya kafa dokar da za ta tozarta shi.

Daga nan sai ka jera shekaru, don gardama ba shekara hira ce kawai. 1096, 'yan yaƙin Salibiyya na farko kan hanyarsu ta zuwa Kudus sun karkashe Yahudawan Worms da Mainz a Jamus. 1144, a Norwich ta Ingila aka fara ƙagen nan na cewa Yahudawa na kashe yaran Kirista don tsafi. 1215, babban taron coci na Lateran ƙarƙashin Fafaroma Innocent na 3 ya ce Yahudawa, har da Musulmin da ke zaune ƙasashensu, su sa tufafin da za a gane su. 1242 an ƙone littattafan Talmud, kundin karantarwar malaman Yahudawa, a Paris. An kore su daga Ingila a 1290, daga Faransa a 1306, daga Sifen a 1492, shekarar da Garnaɗa ta faɗi. A 1555 Fafaroma Paul na 4 ya killace Yahudawan Roma a unguwa ɗaya mai ƙofa da ake kullewa da dare. Kada kuma ka ɗauka 'yan Katolika ne kaɗai, Martin Luther da ya ɓalle daga fafaroma ya rubuta littafi a 1543 yana cewa a ƙone majami'unsu a rushe gidajensu, mutumin da a 1523 yake cewa a bi da su da lalama, da ya ga ba su karɓi addininsa ba sai ya juya.

Yanzu ga inda mutane ke yin son kai, su kawo rabin lissafi su ɓoye rabi. A wannan 1096 ɗin bishop na Speyer ya ɓoye Yahudawan garinsa ya hukunta wasu daga maharan. Wajen 1120 Fafaroma Kalistus na 2 ya fitar da takardar hana tilasta musu baftisma, wato wankan shiga Kiristanci, da taɓa dukiyarsu, fafaromomi da dama sun sabunta ta. Innocent na 4 ya ƙaryata ƙagen jinin yara a 1247. Lokacin baƙar annoba a 1348 da anka ce Yahudawa sun zuba guba a rijiyoyi, Kilemen na 6 ya ce ai su ma annobar na kashe su, amma duk da haka a Fabrairun 1349 an ƙone ɗaruruwa a Strasbourg. Ka kawo wannan duka, amma ka faɗi gaskiya cewa wanda ya shekara ɗari yana huɗubar ƙasƙanta mutum, ranar da ya ce a bari ba lalle a ji shi ba, ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ko yaushe ka tambayi kanka wa ya ci riba. An hana Yahudawa mallakar gona da shiga ƙungiyoyin sana'a a wurare da yawa, coci ta hana Kirista ba da bashi da ruwa, sai wasunsu sunka koma ba da bashi, sarki na tatsar su haraji talaka na jin haushinsu. A York ta Ingila a 1190 bayan mutuwar Yahudawa kimanin 150, jagororin harin sun wuce kai tsaye babban cocin garin sun ƙone takardun bashin da ake bin su. A Strasbourg ma an yafe basussukan. Wanda ya san kasuwa ya san mi wannan ke nufi.

Wuri mafi santsi shi ne Hitila, a nan ka taka a hankali. Kalmar antisemitizim ɗin kanta, wato ƙin jinin Yahudawa, wani Bajamushe ɗan jarida Wilhelm Marr ya yaɗa ta a 1879, kuma tushenta jini da launin fata, ba aƙida ba. A tsohon tsari in Bayahude ya karɓi baftisma galibi ya tsira, ko da yake a Sifen tun 1449 an fara dokar "tsarkin jini" a Toledo kan Yahudawan da sunka koma Kirista. A wurin Nazi, jam'iyyar Hitila, kuwa baftisma ba ta wanke kowa, Edith Stein ta zama 'yar zuhudun Katolika amma an kashe ta a sansanin Auschwitz a 1942 don asalinta na Yahudawa. To kisan Yahudawa miliyan 6 da Nazi sunka yi ba umurnin coci ba ne. Sai dai dokokin Nuremberg na 1935, waɗanda Nazi sunka kafa don ware Yahudawa, da rajistar baftisma ta coci anka yi aiki wajen tantance wa ke da kakan Bayahude, kuma Julius Streicher, mai jaridar farfagandar Nazi, da anka gurfanar da shi bayan yaƙi cewa ya yi da Luther na raye shi ma da yana cikin akwatin masu laifi. Akwai irin su Dietrich Bonhoeffer, faston da anka rataye a Afrilun 1945, da ƙauyen Le Chambon a Faransa da ya ɓoye dubban mutane, amma su ne 'yan kaɗan, mafi yawa shiru sunka yi. Ni a ganina iri na Nazi ne, amma gonar an daɗe ana yi mata huɗa daga kan mumbarin coci, shi ya sa da anka shuka bai sha wahalar tsirowa ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi ba daga bakinka za ta fito ba, daga bakin su masu cocin. Ran 28 ga Oktoba 1965 taron Vatican na 2, babban taron cocin Katolika, ya fitar da sanarwar Nostra Aetate, ta ce ba za a ɗora mutuwar Almasihu kan dukan Yahudawan wancan lokaci ko na yau ba, kuma wannan takarda ɗin ce ta yi maganar girmama Musulmi, mutane da yawa nan ba su san haka ba. Fafaroma John Paul na 2 ya shiga majami'ar Yahudawan Roma a 1986, a 2000 ya je Kudus ya nemi gafara. Babban cocin Lutheran na Amurka ya barranta daga kalaman Luther a 1994. Wanda bai da laifi ba ya neman gafara.

Ka shirya kuma, abokin gardamarka zai ce ku fa? Kada ka ce mu ba ruwanmu, za ka sha kunya. Gaskiya ne Sarkin Usmaniyya Bayazid na 2 ya karɓi korarrun Sifen, kuma tsarin zimma ya ba su kariya duk da jiziya da ƙaidoji. Amma an yi wa Yahudawan Garnaɗa kisan gilla a 1066 ƙarƙashin mulkin Musulmi, kuma matsin daular Muwahhidun ne ya fitar da iyalan malamin Yahudawa Musa bin Maimun daga Kurɗuba har ya ƙare likita a Masar. Kusa da gida ma, Shehu Magili da ya zo Kano zamanin Muhammadu Rumfa, wanda malaman jihadinmu ke yawan kafa hujja da shi, shi ya jagoranci rushe majami'ar Yahudawan Tuwat a Aljeriya ta yau, alƙalin wurin Al-Asnuni kuma ya saɓa mai a kai. Malamai sun yi saɓani kan abin tun lokacin, ka faɗe shi a haka.

Abu uku ka kiyaye ranar gardamar. Kada ka jawo kafa Isra'ila a 1948 da Gaza cikin 1096, zaluncin da ake yi wa Falasɗinawa magana ce mai zaman kanta kuma Bayahuden Mainz da anka yanka shekara 900 da sunka wuce bai san da ita ba. Littafin nan kuma na "Protocols" da ake turawa a WhatsApp, wai shirin Yahudawa na mamaye duniya, jabu ne da ya fito Rasha a 1903, jaridar Times ta Landan ta tona asirinsa tun 1921, in ka kawo shi malaminka jan biro zai sa maka. Shi kuma maƙwabcinka Kirista na Mabera ko Old Airport, bai kori kowa daga Sifen ba, wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani, in ma kana da aboki fasto ka tambaye shi yadda suke karanta Matiyu 27:25 a cocinsu yau, ka sa amsar tasa cikin aikin naka.