Yadda ake auna IL-6 a jini da gwajin ELISA a ɗakin gwaji a Legas

IL-6 furotin ne da ƙwayoyin garkuwar jiki ke aika wa juna saƙo da shi idan akwai kumburi ko kamuwa da cuta, kuma shi ke sa hanta ta ƙara fitar da CRP, furotin da ake aunawa a jini don gane kumburi. A jinin mai lafiya 'yan fikogiram ne kawai a kowace mililita, don haka ɗan sakaci kan juya lissafi. Yawancin sakamakon da ke lalacewa kuwa tun a kwalbar jini yake lalacewa, kafin a kai ga farantin ELISA, mai ƙananan ramuka 96 da aka shafe da antibodi mai kama IL-6, inda ƙarfin launin da ya fito ke nuna yawansa.

Idan siram ake so, wato ruwan da ke saura bayan jini ya sandare, a bar jinin ya sandare minti 30, a juya shi a sentirifuj a 1000 g na minti 15, a kwashe ruwan sama nan take. Filasma kuma, wato ruwan jinin da bai sandare ba, a kwalbar EDTA mai hana sandarewa, a juya cikin rabin awa da ɗauka. A nan hanyar Legas ke shigowa. Jinin da aka ɗauka a Agege za a kai Yaba yana iya shan awa uku a cunkoso, alhali fararen ƙwayoyin da ke ciki ba su mutu ba, suna ta aikinsu a kwalba. A raba siram tun a wurin ɗauka, a tura shi a kula mai ƙanƙara. Siram ɗin da ya yi ja, jajayen ƙwayoyi sun fashe ke nan, gara a sake ɗauka.

A rarraba shi a ƙananan kwalabe, maikurolita 250 kowacce, a ajiye a digiri -80, kada a narkar da kwalba ɗaya sau biyu. Saboda ɗauke wuta da dare, a daskarar da ruwa a kofi, a ɗora tsabar kuɗi a kai, a bar shi a firiza. Ranar da aka ga tsabar ta nutse, an san kaya sun narke sun sake daskarewa.

Ranar gwaji a fito da kayan minti 30 kafin a fara. "Zafin ɗaki" da takardar kamfani ke nufi digiri 18 zuwa 25 ne, ba ɗakin Legas da rana ba AC ba. A zafi, launi kan yi saurin tashi, ramukan gefe su bushe su ba da adadi sama da na tsakiya.

A haɗa ruwan ma'auni, wato IL-6 da aka san yawansa, ta hanyar raba ƙarfinsa biyu-biyu: misali 200, 100, 50, 25, 12.5, 6.25, 3.13 fikogiram a mililita, sai ramin da ba komai sai ruwan sirki. Kowanne rami biyu, ramuka 16 ke nan, saura 80 daga cikin 96, wato samfur 40. A canza bakin fifet kowane mataki. A zuba maikurolita 100 a rami, ko abin da takardar ta ce, a rufe da ledar manne, a bari awa biyu.

Wanki shi ne inda masu gaggawa ke faɗuwa. A cika kowane rami da kusan maikurolita 300 na ruwan wanki, a zubar, sau huɗu, sannan a kifa farantin a buga shi a kan takarda mai tsotse ruwa har sai ba ɗigo. Amma kada a bar shi ya bushe, a zuba antibodi na biyu, mai manne wa IL-6 da farantin ya kama, nan da nan. Bayan lokacinsa a sake wanki, a sa streptavidin-HRP, sinadarin da ke manne wa antibodi na biyu don ya kawo launi, minti 20 zuwa 30, a kuma wankewa. Duk ruwan da ke da sodiyam azaid a nisanta shi, yana kashe HRP.

A zuba TMB, ruwan da HRP ke sauya wa launi, a sa farantin a durowa saboda haske. Zai yi shuɗi cikin minti 15 zuwa 30. In ramin da ba komai ma ya yi shuɗi, wanki bai yi ba. Ruwan tsayarwa, asid ne, zai mayar da shi rawaya. A bi jerin da aka bi wajen zuba TMB. A fasa kumfa da allura, a goge ƙasan farantin, a karanta a 450 nm cikin minti 30, a cire karatun 570 nm daga ciki.

A zana layin ma'auni da 4PL, lissafin da ke ba da lanƙwasasshen layi, ba miƙaƙƙen layi ba. Tagwayen ramukan da bambancinsu ya wuce kashi 15 cikin ɗari a maimaita su. Samfurin mai zazzaɓin cizon sauro mai tsanani yakan zarce ma'auni mafi girma. Kada a ƙiyasta, a sirka shi 1:10, a sake gwadawa, a ninka sakamakon sau goma.