Yadda Ake Ƙara Wa Jirgin Ruwan Rimot Gudu Ba Tare Da An Ƙone Shi Ba

Duk wanda ya sayi jirgin ruwan rimot mai batir, kwana biyu sai ka ji ya ce gudun bai isa ba. Daga nan sai ya yi odar batir 3S, wato mai gida uku, ya ɗora kan jirgin da anka yi don 2S mai gida biyu, ya haɗa da ƙatuwar farfela ta ƙarfe saboda ya gani a YouTube, ya tahi Kwalkwalawa bakin gulbin Rima nan Sakkwato ya danna wuta, minti biyu jirgi ya tsaya cak tsakiyar Rima yana warin roba. Na ga wanga abu ga yaranmu har ya ishe ni. Kusan kullum zafi ne ke kashe kayan, kuma zafin daga farfela yake tasowa, don haka nan zan fi daɗewa. Haɗa rimot da jirgi da yin caji ba zan koya ma kowa ba.

Ka fara da abin da ba ya cin kuɗi. Zare shaf ɗin nan mai lanƙwasa wanda ke kai juyi daga inji zuwa farfela, ka goge tsohon giris ka sa sabo, irin wanda ruwa ba ya wankewa. Duk ranar da ka shiga ruwa ka maimaita, ruwan Rima na damina laka ce da yashi, in ka bari sunka kwana ciki tsatsa za ta ci shi. In za ka mayar ka bar rata kamar milimita 3 tsakanin abin da ke riƙe farfela da bakin bututun da shaf ɗin ke ciki, don shaf ɗin yana takurewa in ya ɗauki nauyi, in babu rata sai ya yi ta goga yana ɗaukar zafi.

Sai tiyon sanyaya. Ruwa yana shiga ta ɗan ramin da ke jikin abin juya kan jirgi can baya, ya bi ta ESC, wato akwatin da ke raba ma inji wuta, ya zagaye inji ya fita ta gefe. Sami sirinji ka tura ruwa ka ga ya fita da ƙarfi. In jirgi na gudu kuma idonka ya kasance kan wanga tsartuwar, in ba ka ganta ba ka dawo da shi nan take, yashi ya toshe ko tiyo ya lanƙwashe.

To lissafi. Kowane inji mara burushi yana da lambar KV a jikinshi, ita ce juyi nawa zai yi a minti ga kowane bolt ɗaya in ba nauyi. Kowane gida na batirin LiPo bolt 3.7 ne, 2S ke nan 7.4, 3S kuma 11.1. Inji mai KV 3000 a kan 2S zai ba ka juyi 22,200, ka sa mai 3S ya haye 33,300. An ƙara rabi ke nan. Abin da mutane ba su lura da shi shi ne wutar da farfela ke ja ba rabi take ƙaruwa ba, ta wuce ninki biyu nesa ba kusa ba, saboda ruwa yana ƙara tauri ga farfela gwargwadon saurinta. Shi ya sa dokata ita ce in ka ƙara batir ka rage farfela. Ka sauko milimita 2 zuwa 4 daga faɗin wadda kake da ita, sannan ka riƙa hawa sannu.

Kuma abu ɗaya za ka canza a lokaci ɗaya, don Allah. Ka sa farfela, ka yi gudu minti ɗaya cur, ka dawo bakin ruwa, ka ɓalle murfi, ka taɓa inji da ESC da batir da sokat ɗin. In kana da ɗan ma'aunin zafi mai kama da bindiga ya fi, ka so inji ya tsaya ƙasa da digiri 60. In babu, yatsa ya isa: ka ɗora ka ƙirga biyar, in ka kasa jurewa farfelar ta yi mai yawa, ka cire ta ko da gudun ya yi maka daɗi. Maganaɗisun cikin inji in ya sha zafi ƙarfinshi raguwa yake kuma ba ya dawowa, daga nan inji ya riƙa jan wuta fiye da da, zafi ya ƙaru, haka har ya tafi da ESC tare. In minti ɗaya ya yi lafiya ka yi biyu, ka sake taɓawa. Sai ka ga ya cinye batir guda bai ƙona hannu ba sannan ka ƙara milimita 2.

Sannan mu nan Sakkwato ba daidai muke da Turawan da kake kallo ba. Su ruwan tafkinsu sanyi ƙalau, mu daga Maris zuwa Mayu rana tana wuce digiri 40, jirgi tun yana kan yashi cikinshi ya zama tanda. Farfelar da ta zauna lafiya cikin hunturu za ta iya ƙone maka kaya a bazara. Ni a bazara ba na gwaji sai da safe ko bayan la'asar sakaliya, kuma batir a inuwa yake zama, kada ka bar shi cikin but ɗin mota ko ƙarƙashin kujerar mashin.

Farfelar ƙarfe in ta zo kada ka ɗaura ta haka nan. Ka wasa bakinta da samfefa ta bayan fiffike kawai, kada ka taɓa fuskar da ke tura ruwa, sannan ka daidaita nauyin fikafikan, in ɗaya ya rinjayi ɗaya girgiza za ta cinye boris. Ka jiƙa samfefar da ruwa ka sa takunkumi, wasu farfelun akwai sinadarin da ƙurarshi ke lahanta huhu. Gaskiya dai a lokacin gwaji na roba sun fi, da arha, ka sawo girma uku ko huɗu a oda guda tunda kuɗin kawowa daga Sin da jiran makonni su ne wahalar, in ta daki dutse ita ke karyewa shaf ya tsira.

ESC kuwa nan ba a rowa. In inji zai ja amp 60 ka sayi na 90 ko 120, na jirgin ruwa mai hanyar tiyo, ba na mota ba. Sokat XT60 ko XT90, a liƙe da dalma da kyau, kowane mai gyaran rediyo zai yi maka. Kada ka tsawaita wayar batir. Ka saita ESC ya yanke wuta wajen bolt 3.2 zuwa 3.4 kowane gida, in za ka aje batir ya kwana biyu ka bar shi 3.8 kowane gida, in ya kumbura ya gama aiki.

Zaman jirgi kan ruwa ba wuya. Nauyi ya faɗo wajen kashi 30 cikin 100 na tsawon jirgi in ka auno daga baya, da batir ake daidaita shi. In hanci na tsalle tura batir gaba, in yana nutsa hanci yana feshi jawo shi baya, santimita ɗaya ɗaya. Ƙananan faya-fayan da ke manne a bayan jirgi ka lanƙwasa su ƙasa kaɗan in tsallen ya ƙi bari. Ka liƙe murfi da selotef zagaye, ka cusa soson da ba ya shan ruwa ko kwalbar roba cikin hanci don ko ya kife ba zai nutse ba, eriya ta tsaya sama don siginar rimot ta 2.4GHz ba ta ratsa ruwa.

Ka duba leda da ciyawa da komar masunta kafin ka saki jirgi. In ya mutu a tsakiya kada ka ce za ka yi iyo, musamman da damina ko in an saki ruwa daga dam ɗin Goronyo, ka yi magana da mai kwale-kwale tun kafin ka fara, ɗan abin goro ne.