Yadda Za a Gano Matsalar Fitar Hayaƙi a Murhun Gas na Ɗumama Ɗaki

Duk wanda zama ya kai shi Kanada ko Ingila ko arewacin Amurka zai tarar da wani irin murhu a jikin bangon falo a gidaje da yawa, wanda wutarsa ke ci da gas a kan gumagumai na tangaran da aka ƙera da siffar itace. Da yake ba ya barin toka, kuma ba a ganin hayaƙinsa, mutane kan ɗauka cewa babu abin da yake fitarwa. Alhali kuwa kowace wuta tana shaƙar iska tana kuma amayar da tururi, kuma idan hanyar shiga ko ta fita ta toshe, sai ta soma haifar da iskar kabon monoksaid, gubar nan da muka sani tana hallaka iyalai a gida idan aka kwana da kaskon garwashi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu, ko aka kunna janareta a cikin soro. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar oksijin sau fiye da 200.

Kafin a taɓa komai, a fara sanin irin murhun da ake da shi, domin ciwon kowanne daban ne. Akwai rufaffe, mai liƙaƙƙen gilashi a fuska, wanda bututunsa biyu ne, ɗaya a cikin ɗaya: na ciki yana fitar da hayaƙi, na waje yana janyo sabuwar iska daga bayan gida, kuma galibi ta jikin bango suke ɓullewa. Akwai wanda yake shan iskar ɗakin, hayaƙinsa kuma ya hau ta dogon bututu zuwa saman rufi saboda ɗuminsa kawai. Na uku ba shi da bututu sam, yana dogara ne da wata na'ura mai kashe wutar idan oksijin na ɗakin ya sauko daga kashi 21 cikin 100 zuwa wajen kashi 18. Jihar Kalifoniya ta hana sanya irinsa a gidaje, ni ma ba zan ba mai ƙananan yara shawarar ya dogara da shi ba.

Ba kowace alama ce take nuna matsala ba. Raɓar da ke lulluɓe gilashi da zarar an kunna tana washewa cikin 'yan mintoci, ƙaurin ƙura a kunnawar farko ta shekara ma yakan wuce, kuma wutar wannan murhu an tsara ta ne ta fara da shuɗi ta koma rawaya bayan kimanin minti 15 zuwa 20, saɓanin ta girki. Abin da ya kamata ya tayar da hankali shi ne a ga wuta ta kama sosai, bayan minti biyu ko biyar kuma harsunanta su yi laushi, su rabu da inda gas ke fitowa, su riƙa shawagi a sama kamar ba su da gindi, daga nan su mutu har da 'yar ƙaramar wutar da ke tayar da babbar. Wannan wuta ce da ta cinye iskar da ke cikin akwatin, ta rasa wata. Haka kuma baƙin kunkunniya a gilashi ko a bangon da ke saman murhun, da raɓar da ta ƙi bushewa a tagogin falo, duk suna cewa hayaƙi bai sami hanya ba.

Binciken a fara shi daga waje. A kashe murhun, a bar shi ya huce sarai, sannan a ɗauki tocila a zagaya inda bakin bututun ya ɓullo. Ana ganinsa a matsayin wata hular ƙarfe mai raga a jikin bango, sau da yawa ba ta da nisa da ƙasa. A lokacin sanyi dusar ƙanƙara kan taru har ta binne ta, musamman idan wanda ya share farfajiya ya tura tarin wajen. A farkon kaka kuwa, abin da aka fi tararwa shi ne sheƙar tsuntsu da aka cusa tun bazara, ko gidan rina, ko busassun ganye da saƙar gizo-gizo sun toshe ragar. A cire abin da hannu zai iya kaiwa, a kawar da kwandon shara ko shuka ko tarin itacen da aka jingina a gabanta, a kuma duba ko hular ta lotse ko ta karkace. Idan bakin bututun a saman rufi yake, kada a hau, a bar wa mai sana'ar.

Idan waje lafiya lau yake, sai a koma kan gilashin. A murhu rufaffe, gilashin wani ɓangare ne na hanyar iska, don haka maƙalli ɗaya da bai kama ba bayan an cire don gogewa, ko igiyar da ke liƙe gefensa idan ta saɓule, ya isa ya ɓata jan iskar gaba ɗaya, ya kuma bar hayaƙi ya tsiyayo ɗaki. Gilashin da ya tsage ba a kunna wuta a bayansa ko da na minti ɗaya ne. A kuma gwada zaman gumaguman da hoton da ke littafin kamfanin, domin guda ɗaya da ya gusa ya tare harshen wuta yana jawo kunkunniyar da za a ɗora wa bututu laifinta.

Murhun da ke shan iskar ɗaki yana da wani ciwo na daban da mutanenmu suka fi faɗawa, saboda yawan suya da muke yi. Gidajen can a liƙe suke ƙam don tare sanyi, to idan uwargida ta kunna fankar zuƙe hayaƙin kicin, ga ta banɗaki tana aiki, ga injin busar da kaya yana hura iska waje, dole gidan ya nemi inda zai maye gurbin iskar da ya rasa, sai ya janyo ta ta bututun murhu, hayaƙin ya juyo ciki. Gwajinsa mai sauƙi ne. A rufe ƙofofi da tagogi, a kunna duk fankokin, a bar murhun ya yi minti biyar yana ci, sannan a riƙe turaren tsinke a saman bakinsa. Idan zaren hayaƙin turaren ya miƙe ya shige ciki, bututun yana ja. Idan ya tsaya yana rawa ko ya karkato wajen fuskar mai riƙe da shi, a kashe murhun nan take. A sake gwadawa da taga a ɗan buɗe; in abin ya gyaru, an gane cewa ƙarancin iskar shiga ne. Wanda kuma aka sa masa wutar gas a cikin tsohon murhun itace, ya haska tocila ya tabbatar marfin da ke maƙogwaron bututun a buɗe yake.

Iyakar aikin mai gida ke nan. Gaɓar bututu da ta rabu a cikin bango har hayaƙi ke komawa ta hanyar sabuwar iska, da gyaran ƙarfin gas, da sauya na'urar da ke kashe wuta, duk aikin mai lasisi ne, kuma ina roƙon kada kowa ya yarda a tsallake wannan na'ura da waya don wutar ta daina mutuwa, domin mutuwar da take yi ita ce kariyar gidan. A Ingila, tun 2009 sai wanda ke cikin rajistar Gas Safe Register doka ta yarda ya yi aikin gas, kuma wajibi ne mai gidan haya ya sa a duba kayan gas kowace shekara, don haka ɗan haya ya nemi ganin takardar. A lardin Ontariyo na Kanada, ƙararrawar gano kabon monoksaid ta zama dole tun 2014 a gidajen da ke ƙona makamashi. A sa ta kusa da ɗakunan kwana, a duba ranar ƙarewar aikinta a bayanta, domin ba ta wuce shekara 5 zuwa 10.

Idan ƙararrawar ta yi kuka, ko mutanen gida suka soma ciwon kai da jiri da tashin zuciya a lokaci guda, suna kuma samun sauƙi idan sun fita, a fitar da kowa waje kafin a yi tunanin gyara. Haka ma idan aka ji wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, wanda yoyon gas ne: kada a taɓa makunnin lantarki, a fita a kira daga waje, 911 a Amurka da Kanada, ko 0800 111 999 a Ingila.