Yadda za ka zama malamin jami'a a fannin koya wa hannun mutum-mutumi aiki

Ƙannena da kuka tashi a Makka, Madina ko Jidda, ga hanyar da zan ce ku bi, ɗaya bayan ɗaya.

Fara da lissafi tun a digirin farko, ko injiniyan lantarki kake karantawa ko kimiyyar kwamfuta. Aljebra da kalkulas su zauna maka daram. Koyi Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta, da PyTorch, manhajar da ake koya wa kwamfuta aiki da ita, ka kuma gyara Turancinka, domin da shi ake rubuta takardun bincike.

Na biyu, kada ka jira sai ka samu na'ura. Manhajar MuJoCo kyauta ce tun 2021, a cikinta za ka ƙera hannu a kwamfuta ka koya masa ɗaukar kaya ta hanyar gwaji da kuskure.

Amma fa kada ka daɗe a nan. Ɗauki dabino misali: wani busasshe, wani mai taushi yana ɗanko, babu biyu masu girma ɗaya. Yaro ɗan shekara 3 zai tsince shi daga faranti ba tare da tunani ba. Hannun ƙarfe kuwa, ya matsa da yawa ya murƙushe, ya sassauta ya suɓuce. A kwamfuta komai na tafiya sumul, sai an zo kan na'ura ta gaske a tarar santsi da haske da nauyi duk sun saɓa. A ganina wannan giɓin shi ne zuciyar fannin, don haka nemi ɗakin gwaji mai hannu na gaske, ko da kyauta za ka yi musu aiki a hutu.

Na uku, digiri na biyu da na uku. Akwai KFUPM, jami'ar man fetur da ma'adinai ta Sarki Fahad, a Zahran, akwai KAUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Sarki Abdullah, a Suwal, arewa da Jidda, wadda aka buɗe a 2009. KAUST tana ɗauke wa ɗalibanta kuɗin karatu, ta ba su masauki da alawus. Malamin da zai duba aikinka ya fi sunan jami'a muhimmanci. Karanta takardunsa biyu ko uku kafin ka rubuta masa, ka nuna masa abin da ka gina da hannunka.

Daga nan sai wallafa bincike a manyan tarukan masu binciken mutum-mutumi, irin su ICRA, IROS ko CoRL. Za a mayar maka da takarda, ka gyara ka sake turawa. Bayan digirin digirgir, yawanci akan yi shekara biyu ko uku ana bincike a ɗakin gwajin wani farfesa, sannan ka nemi kujerar mataimakin farfesa da tsarin binciken da kake son kafa naka ɗakin gwajin a kai.