Yadda Ɗalibi Zai Zana Abin da Ke Zuciyarsa da Kayan da Ke Ƙauyensu

Idan malamin zane ya ce kowa ya kawo aikinsa a ƙarshen zangon karatu, abin da ya fi cika teburinsa shi ne dutse mai ƙanƙara, ko gidan bene mai tafkin wanka, ko furen da ba ya tsirowa a ƙasarmu. Daga waya aka kwafo su, wasu ma an kwafo su da kyau. Sai dai yaron da ya tashi a Kafin Hausa ko Gwaram ko Garun Malam bai taɓa jin sanyin wannan dutsen ba, don haka hannunsa kaɗai ya yi aiki. Wannan bayani na ɗalibin da yake so ya zana abin da yake nasa ne, ko namiji ko mace, abin da in ya kalla bayan shekaru zai ji ƙirjinsa ya motsa. Yawancin kayan aikin suna tsakar gidanku, sauran kuma ranar kasuwa za ka same su.

Da farko, nemo abin da ya ƙi barin ranka

Ajiye tambayar me zai burge mutane. Tambayi kanka abin da kake yawan tunawa in ka kwanta kafin barci ya ɗauke ka. Wataƙila rasuwar kakarka ce. Wataƙila yayanka ne da ya tafi ci-rani kudu, ya bar kekensa jingine a zaure. Wataƙila ɗakin da ambaliyar 2022 ta rushe muku ne, kamar yadda ta yi wa dubban gidaje a Jigawa. Ba dole ya zama baƙin ciki ba: ranar saukar ƙanwarka, ko shekarar da rumbu ya cika har aka rasa wurin zuba gero, duk abin zanawa ne.

Ɗauki littafi ka rubuta shafi guda a kan abin, da boko ko da ajami, yadda ya zo maka. Ba wanda zai karanta. Sannan ka bi rubutun kana ja wa duk wani abu da ake iya taɓawa da hannu layi a ƙasa. Nan ne aikin yake, domin kewa ba ta da siffa, amma kayan da mutum ya bari suna da ita. Mu ɗauka kakarka ce. Me hannunta ya fi taɓawa? Butar alwala, carbi, mazarin kaɗi, 'yar kujerar da ta lotsa a tsakiya, ƙoƙon da take ajiye goro, tabarmar kaba da gefenta ya fara warwarewa. Zaɓi ɗaya ko biyu. Ni a ganina kujerar da babu kowa a kanta, da buta a gefe, ta fi fuskar da aka kwafo daga hoton katin zaɓe faɗar abin da ke ranka.

Wannan hanyar tana kuma sauƙaƙa wata damuwa ta gaske. Ɗalibai da iyaye da yawa ba sa sakin jiki da zana mai rai, kuma bai kamata a yi wa wannan riƙon wasa ba. In kana da shakka ka tambayi malaminka na addini. Amma ka sani gadonmu cike yake da zane marar fuska: zayyanar allon sauka, dagi da sauran adon bangon soraye, aska takwas a ƙirjin babbar riga. Itace da rijiya da ɗaki da gona duk suna ɗaukar labari.

Kada kuma ka ɗauka kayan gida ƙauyanci ne. A 1958 wasu ɗaliban zane a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiya don sun gaji da kwaikwayon Turawa tsantsa. Cikinsu akwai Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo. Uche Okeke ya koma ga adon uli na matan Ibo, irin wanda mahaifiyarsa ta iya, ya haɗa da abin da ya koya a aji. Ɗalibai ne su ma a lokacin, yau kuma ba a ba da tarihin zanen Najeriya a tsallake su.

Na biyu, ka je ka gani, ka kuma tambaya

Gani ya kori ji. In kujerar tana nan, ɗauko ta ka ajiye inda take zama, ka zauna gabanta da fensir. Duba inda katakon ya yi baƙi da santsi saboda hannu, da ƙafar da ta fi sauran gajarta, da inda aka ɗaure ta da waya. Waɗannan ne suka raba ta da kujerar kowa. Wanda ya zana daga ka, kujerar kowa zai zana.

Abin da ya ɓace kuwa, manya suna riƙe da shi. Sami gwaggonka in ta gama aikin rana, ka durƙusa ka gaishe ta, sannan ka ce, "Gwaggo, don Allah wace irin atamfa Iya ta fi ɗaurawa ranar Juma'a?" Tana iya cewa, "Allah sarki, ɗan nan, me ya tuna maka? Wata shuɗiya ce mai ganye-ganye, ina jin ma ƙyallenta yana cikin adakata." In ta ɗauko, ka sami launin zanenka, ka kuma sami labaran da ba ka taɓa ji ba. Kada ka gaggauta tashi.

Na uku, gwaji ƙanana

Kafin ka taɓa fenti, yi zane-zane ƙanana girman tafin hannu, uku ko huɗu, da fensir ko gawayi. A ɗaya sa kujerar a tsakiya. A wani matsar da ita gefe, ka bar fili mai faɗi babu komai. A wani zana ta daga ƙasa, yadda yaro ɗan shekara biyar yake ganinta. Ɗalibai suna tsoron fili, sai su cika ko'ina da kaji da tukwane da bishiyoyi. In rashi kake nufi, filin nan shi zai faɗe shi, ka bar shi.

Yanke shawarar lokaci ma. Hasken hantsi fari ne mai kaifi, na la'asar sakaliya ja-ja ne mai dogayen inuwoyi. Zaɓi ɗaya, ka tsayar da gefen da rana take, duk inuwa ta faɗi ɗaya gefen.

Na huɗu, haɗa kayan aiki

In kana da kuɗin kalar fosta ta kwalba, saya, babu laifi. Amma zanen da ya shafi gidanku yana ƙara nauyi in da ƙasar gidan aka yi shi, kuma ƙasa tana da ƙarko. A duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa, akwai zanen shanu da mutanen dā suka yi a jikin dutse, ɗaruruwan shekaru sun wuce launin bai gushe ba.

Ga yadda ake fitar da launi daga ƙasa. Ɗebo jar ƙasa, in da hali daga katangar gidan da kake zanawa ko bakin kududdufin da ake haƙar ƙasar gini. Daka ta, tankaɗe da rariya, zuba a roba da ruwa mai yawa, dama sosai. Dakata kaɗan yashi ya kwanta, sai ka tsiyaye ruwan mai gurɓi a wata roba. Bar shi ya kwana. Da safe zubar da ruwan sama a hankali, laushin da ya kwanta a ƙasa shi ne launinka. Shanya shi ya bushe. Haka za ka yi wa ƙasa mai ruwan ɗorawa da farar ƙasa. Baƙi kuwa daga gawayin da aka niƙa lukui, ko baƙin gindin tukunya. Shuɗi mafi sauƙi shi ne bular wanki, tana da arha kuma ba ta saurin koɗewa. Wanda ya shiga birni yana iya samo shuni a marina irin ta Ƙofar Mata da ke Kano. Ruwan makuba yana ba da ruwan ƙasa mai duhu. Zoɓo da gangamau suna da kyau ranar farko, amma rana tana cinye su, zoɓo ma yakan juye ya yi toka-toka, don haka kada ka ɗora muhimmin wuri a kansu.

Garin launi ba ya kama takarda sai da abin riƙewa, shi ne ƙaro, wanda duk almajirin da ya taɓa dafa tawada ya san aikinsa. Na dakwara ya fi kyau, ga shi kuma ba ya wuya a arewacin Jigawa. Jiƙa kashi 1 na ƙaro a kashi 2 na ruwan ɗumi ya kwana, tace da ƙyalle mai tsabta. Ɗiga zuma kaɗan don kada fentin ya tsattsage in ya bushe, jefa kanumfari biyu ko uku don kada ya yi saurin lalacewa. Sai ka riƙa kwaɓa garin launi da ruwan ƙaron a murfin kwalba har ya yi kaurin kunu mai ruwa-ruwa. Gwada a guntun takarda. In ya bushe ka goga da yatsa: gari ya biyo yatsanka, ƙara ƙaro, ya yi ƙyalli yana fashewa, ƙaron ya yi yawa.

Abin da za ka zana a kai: farar takarda mai kauri ta shagon littattafai, ko kwali mai ƙarfi, ko yadin akoko da kafinta ya ɗaure maka a firam. Kwali da yadi suna buƙatar shafe biyu na farin fentin ɗaki na ruwa da aka sa wa farin gam kaɗan. Santimita 30 da 40 ya isa aikin farko. Buroshi biyu, babba da ƙarami. Bakin asuwaki da aka tauna yana fitar da kaushin bango fiye da buroshin kanti, alƙalamin kara kuma ya fi komai jan siririn layi.

Na biyar, zanen kansa

Taƙaita launukanka zuwa uku ko huɗu. Ja da rawaya suna ba da ruwan goro, shuɗi da rawaya suna ba da kore. Don inuwa kada ka ruga ga baƙi, yana kashe zane. Haɗa jar ƙasa da bula, za ka sami duhu mai rai. Ka ware launi ɗaya mai ƙarfi ga abin da ya fi maka muhimmanci kaɗai. In duk zanen ruwan ƙasa ne da toka, sai ƙyallen atamfar nan shuɗi da ke rataye a jikin kujerar, ido zai tafi can kai tsaye ba tare da ka ce komai ba.

Fitar da siffofin da fensir sama-sama. Fara da baya, wato bango da ƙasa da sararin sama, da fenti mai ruwa-ruwa da babban buroshi. Daga haske ka tafi duhu, daga manyan wurare ka gangaro ƙanana. Bari kowane shafe ya bushe kafin ka ɗora wani, kuma ka ɗora da hannu marar nauyi, domin fentin ƙaro yana narkewa in ruwa ya sake taɓa shi. Da hunturu yana bushewa nan da nan, sai ka kwaɓa kaɗan-kaɗan, ka kuma rufe aikin da ƙyalle saboda ƙura. Da damina sai haƙuri.

Lokaci-lokaci jingina shi a bango, ka ja da baya taku biyar ka kalla. Abin da ba ka gani kana sunkuye, daga nesa zai fito.

Akwai abin da littafin aji ba ya faɗa. Wata rana kana tsakiyar zana hannun butar nan sai ka ji hawaye ya zo, ko ka ji ba ka son ganin zanen ma sam. Wannan ba alamar aikin ya lalace ba ce. Ajiye buroshi, yi wa mamacin addu'a, fita ka sha iska, ka dawo gobe. Kusan kowane zane kuma yana da matakin da yake yin muni a tsakiya, lokacin da baya ya cika amma gaba bai fito ba. Ɗalibai da yawa a nan suke yagawa. Kada ka yaga. Ci gaba har ka sa duhu mafi duhu da haske mafi haske, a nan ne siffa take tashi.

Na ƙarshe, sanin inda za a tsaya, da adanawa

Kafin ka kai wa malami, nuna wa wanda ya san abin. Kada ka yi bayani, miƙa kawai. In mahaifiyarka ta kalla ta ce, "Wannan ai kujerar Iya ce," zanen ya isa, ko da ƙafa ɗaya ta karkace. In ta tambaya mene ne wannan, koma ka duba abin da ka bari daga siffarsa ta gaskiya. Ka guji yawan gyara bayan nan. Daga lokacin da ka ga kana ƙara abu don kawai akwai sauran fenti, wanke buroshinka.

A bayan zanen rubuta sunanka, da sunan garinku, da shekara, da layi ɗaya a kan abin da ka zana. In za ka ɗauki hotonsa da waya, fitar da shi inuwa da safe, kada ka kunna fitilar waya. Ruwa da gara da rana su ne abokan gabansa. Kada ka jingina shi a ƙasa ko ka manna shi a bangon ƙasa mai ɗanshi. In da hali mai firam ya sa masa gilashi, da ɗan kwali a gefe-gefe don gilashin kada ya taɓa fentin. In babu, sa shi tsakanin kwali biyu masu tsabta, ka ɗaure, ka ajiye a saman akwati, ka riƙa dubawa musamman a watan Agusta da ɗanshi ya fi yawa.