Yadda Ake Tantance Ɗan Kwangila Kafin A Ba Shi Aikin Gwamnati

Wannan bayani na mambobin kwamitin tantance tanda (tayin neman kwangila) ne a ma'aikatu da hukumomin gwamnatin tarayyar Nijeriya, kuma 'yan kwangila ma za su amfana da shi. Dokar bayar da kwangiloli ta 2007, wadda hukumar kula da bayar da kwangilolin gwamnati (BPP) ke sa ido a kanta, ta fayyace a sashe na 16 abin da ake nema: ƙwarewa, ƙarfin kuɗi, kayan aiki, isassun ma'aikata, biyan haraji da fansho, da kuma tabbacin cewa kotu ba ta taɓa kama wani darakta da laifin zamba ba. Jihohi irin su Kaduna da Kano suna da nasu dokokin, amma ginshiƙin kusan ɗaya ne.

Ku fara da raba takardun gida biyu. Akwai na cancanta, waɗanda ko dai akwai su ko babu, akwai kuma na iya aiki, waɗanda ake ba maki. Kwamiti da yawa kan cakuɗa su, sai kamfanin da ya fi kowa kaurin fayil ya yi nasara alhali ko tebur bai taɓa kawowa ba.

Na cancanta su ne shaidar rajista ta CAC (hukumar rajistar kamfanoni), shaidar biyan haraji ta shekara uku da suka wuce, shaidar PenCom (hukumar fansho), ta ITF (asusun horar da ma'aikata), ta NSITF (asusun biyan diyyar ma'aikata), shaidar shiga kundin 'yan kwangila na BPP, da takardar rantsuwa daga kotu. A rantsuwar ne kamfani ke bayyana ko wani jami'in ma'aikatar ko na BPP darakta ne a cikinsa, ko mai hannun jari, ko yana da wata moriya. Ku yi jadawali, kamfanoni a jere, takardu a sama, ku rubuta lambar kowace takarda da ranar ƙarewarta. Alamar "akwai" kaɗai ba ta isa ba, domin idan ƙorafi ya taso lambar ce za ta kare ku.

Sannan ku tabbatar da kowace daga tushenta. Shafin CAC na intanet yana nuna ko kamfani na nan da rai da ranar rajistarsa. PenCom na wallafa sunayen waɗanda ta ba shaida. Shaidar haraji kuwa a tambayi hukumar da ta bayar. Kada ku kira lambar wayar da ke jikin takardar da kuke shakka a kai, ku nemo ta hukumar da kanku. Mai ƙirƙiro takardar bogi ba zai manta da tanadar wanda zai ɗauki waya ba.

Wurin da ya fi cancantar ɓata lokaci shi ne gwama takarda da takarda. Ku ɗauki jimillar cinikin da ke kan shaidar haraji ku ajiye kusa da wadda ke cikin rahoton mai binciken kuɗi na shekarar. Idan kamfani ya gaya wa masu haraji cinikinsa miliyan 20 ne, ya kuma gaya muku miliyan 400 ne, to ɗaya daga ciki ƙarya ce. Ku duba ranar rajista: kamfanin da aka kafa a 2021 ba zai gina asibiti a 2018 ba. Ku duba yawan ma'aikatan da aka biya wa fansho da waɗanda aka jera a bayanin kamfani. Sannan ku shimfiɗa fayilolin masu takara gefe da gefe. Adireshi ɗaya, lambar waya ɗaya, kuskuren rubutu iri ɗaya a shafi ɗaya, ko injiniya guda da sunansa ya bayyana a kamfanoni uku, duk alamun mutum ɗaya ne ya shigo da riguna daban-daban, kuma haɗa baki a tanda laifi ne a dokar.

Game da gogewa, talla kan nemi shaidar ayyuka uku makamantan wannan cikin shekara biyar. Takardar ba da kwangila tana nuna an ba shi aiki ne kawai. Ku nemi shaidar kammalawa, ku rubuta wa hukumar da ta ba shi, idan aikin babba ne ku tura mutum biyu su gani da ido. Injiniya a duba lambarsa a COREN (hukumar rajistar injiniyoyi), mai zanen gini a ARCON (ta masu zanen gini), kuma a nemi shaidar cewa da saninsa aka sa sunansa. Kayan aiki a nemi rasit ko yarjejeniyar haya mai ɗauke da lambar inji. Hoton katafila a fili ba hujja ba ne, kowa na iya tsayawa ya ɗauka. Wasiƙar banki da ta ce "abokin hulɗarmu ne" ba ta da nauyi. Wadda ake so ita ce mai cewa bankin a shirye yake ya ba shi bashi don wannan aikin.

Nauyin takardu gaskiya ne, kuma ƙananan kamfanoni ne suka fi jin sa. Kowace shaida tana da kuɗi a bayanta: ITF da NSITF kashi 1 cikin 100 na albashi kowannensu, PenCom kuma tana neman shaidar zuba fansho da inshorar rai ta ma'aikata. Yawancinsu suna ƙarewa ranar 31 ga Disamba, don haka tallar da ta fito a Janairu kan tarar da kamfanoni nagari suna layin sabuntawa. Ɗan kwangila mai dabara yana fara tattara bayanansa tun kafin shekara ta ƙare. Ita kuwa ma'aikata, a hannunta rabin sauƙin yake. Ta rubuta ƙarara a talla wace shekara ake nufi da kowace shaida. Ta daidaita sharaɗin ciniki da girman aiki, domin neman cinikin biliyan a aikin miliyan 30 korar masu gaskiya ne kawai. Ta raba babban aiki kashi-kashi tun a talla inda ya dace, kada kuma ta sake neman takardun da ta riga ta tantance a zagayen farko.

Kada ku fitar da kowa bisa sharaɗin da ba ya cikin talla ko takardar tanda. An yarda ku nemi ƙarin bayani a rubuce, amma ba a yarda a canja farashi ko ainihin tayin ba. Doka ta ce a ba wanda ya cika sharuɗɗa kuma farashinsa ya fi ƙasa bayan tantancewa. Idan farashin ya faɗi ƙasa warwas, ku nemi ya warware lissafinsa kafin ku yanke hukunci, domin irin wannan ne kan karɓi kuɗin fara aiki ya bar gini a matakin linta. Kada a saki kuɗin fara aiki sai da lamunin banki ko na inshora da aka tabbatar, lamunin kammala aiki kuma kada ya gaza kashi 10 cikin 100 na kuɗin kwangilar.

Ku rubuta dalilin fitar da kowane kamfani da lambar shafin da matsalar take. Wanda bai gamsu ba yana da kwanakin aiki 15 ya kai ƙorafi ga shugaban ma'aikatar, daga nan BPP, daga nan Babbar Kotun Tarayya. Kamfanin da aka samu da laifi ana hana shi kwangila aƙalla shekara biyar tare da tarar kashi 25 cikin 100 na kuɗin aikin, jami'in gwamnati kuma yana fuskantar ɗauri da kora. Fayil ɗin a adana shi aƙalla shekara goma daga ranar da aka ba da kwangilar.